Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Yaƙi Na Roba, Daga Kwali Har Kan Kanta

Duk wanda ya tashi a Bauchi ya san motar kara. Mu a unguwarmu har jirgi muke yi: a fere karan dawa, a yi gangar jiki da totuwa, a tsaga ɓawon a yi fukafukai, a soke farfela da tsinke, sannan a sheƙa da gudu iska ta juya ta. Abin da zan koyar a nan ƙanin wancan ne, sai dai shi ya shiga makaranta. Kwali ne ake sayarwa, a cikinsa akwai gutsattsarin roba maƙale a jikin firam, da takardar umarni, da sitika. Kai za ka yanka, ka haɗa, ka shafa fenti, har ya fito sak wani jirgin yaƙi da ya taɓa tashi a duniya.

Tun daga farko ka riƙe wannan: gam ba shi ne aikin ba. Aikin yana wajen gwadawa kafin a manna, da tsinka fenti, da jira. Wanda ya iya ukun nan zai fitar da jirgi mai kyau ko da reza da abin yanke farce kawai yake da su.

Wane jirgi, wane ma'auni

A jikin kowane kwali za ka ga lamba kamar 1:72 ko 1:48. Ma'anar 1:72 ita ce kowace santimita ɗaya a hannunka tana wakiltar santimita 72 a jirgin gaske. Ɗan koyo ya fara da wannan. Gutsattsarinsa ba su da yawa, ba ya cin fenti, in ya lalace ma asarar ba ta kai a yi kuka ba. Kamfanonin da suka yi suna su ne Airfix na Ingila, Tamiya da Hasegawa na Japan, Revell, Italeri na Italiya, Academy na Koriya ta Kudu da Zvezda na Rasha.

Ni shawarata ka fara da Hawker Hurricane, jirgin yaƙin Ingila mai farfela, kuma ina da dalili biyu. Na farko, jirgi ne mai kauri, fukafukansa ba su da laulayi, faɗinsu ƙafa 40 ne a zahiri, wato kimanin santimita 17 a ma'aunin 1:72. Na biyu, ba baƙo ba ne a sararin samaniyarmu. Sydney Camm ne ya zana shi, ya fara tashi a Nuwamban 1935, aka ƙera sama da 14,000. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Turawan Ingila wuya, tun daga 1940 sai suka riƙa kawo jiragen cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A can ake haɗa su, su tashi su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Sudan ta Khartum har Masar. Jirgin Blenheim mai inji biyu ne ke shiga gaba yana nuna hanya, Hurricane suna biye kamar 'yan tsaki. Ka ga ke nan abin da za ka yi a kan tebur, haɗa jirgi daga akwati, shi aka yi wa na gasken kafin ya sauka Kano. In ka samu kwalin da ke da samfurin hamada, mai ƙaton matacin ƙura a ƙarƙashin hanci, shi ya fi dacewa da wannan tarihi.

Ni dai yawona a kasuwannin Wunti da Muda Lawal bai taɓa haɗa ni da irin kwalin nan ba. Ta intanet ake oda, ko a roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga waje ya saƙo shi cikin jaka. Amma ka sani gam ɗin roba da fentin feshi abubuwa ne masu kama wuta, ba kasafai ake yarda su hau jirgin sama ba. Saboda haka kwali yakan iso, gam bai iso ba.

Kayan aiki

Yawancinsu suna gida ko bakin titi. Abin yanke farce sabo, reza ko ƙaramar wuƙar aiki mai kaifi, matsefata, tsinken sakace, auduga, robar ɗaure kuɗi, abin maƙale shanya, da salatif na takarda irin na masu fentin mota. Wajen masu fentin motan nan za ka samu samfefa mai laushi, ka nemi lamba 400, 600 da 1000. Buroshi uku sun isa: siriri na ƙananan wurare, matsakaici, da mai faɗi. Kada ka yi rowa a kan buroshi. Mai zubar da gashi zai sa ka tsani aikin gaba ɗaya.

Gam kala uku ne, kowanne da gurbinsa. Gam ɗin roba na ainihi, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, ba manne yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda, kamar walda. In babu shi, sufa gulu zai yi, sai dai ba ya ba ka lokacin gyara. Na uku farin gam na kafintoci, wanda aikinsa ɗaya ne tak, zan zo kansa.

Fenti kuma biyu ne: na ruwa da na mai. Na ruwa, kamar Vallejo, da ruwa ake tsinka shi, ba ya wari, yana bushewa da wuri. Na mai, kamar ƙananan gwangwanayen Humbrol, ya fi kwanciya da buroshi amma yana son tina, wato ruwan tsinka fentin mai, da kwana guda kafin a sake taɓa shi. Takardar Airfix da lambobin Humbrol take magana: 78 shi ne koren cikin mazaunin matuƙi, 29 ruwan ƙasa mai duhu.

Buɗe kwali da yanka

Kada ka yanki komai ranar farko. Baza firam ɗin a kan farar takarda, ka bi takardar umarni daga farko har ƙarshe kana neman kowace lamba da ido. Inda aka ba da zaɓi, misali farfela iri biyu ko ƙafafu a buɗe ko a naɗe, yanke shawara yanzu ka yi alama da biro. Sannan ka wanke firam ɗin cikin ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwano, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe a inuwa. Maiƙon masana'anta da na hannu shi ke hana fenti kamawa. Takardar sitika da gilashin matuƙi kuwa ka ɓoye su cikin ambulan, nesa da ruwa da yara.

Wajen yanka, kada ka murɗe gutsure da hannu, zai fito da rami. Sa abin yanke farce ka datse ɗan nesa da jikinsa, ka bar ɗan tsini, sannan ka share tsinin da reza, ka bi da samfefa. Abin da matakin da kake kai ya buƙata kaɗai za ka yanka, domin lambar a jikin firam take, ba a jikin gutsuren ba. Ƙananan kuma ka yanke su cikin leda mai haske ko faranti mai zurfi. Na taɓa rasa sandar tuƙi, na share ɗaki da tsintsiya har sau biyu, sai bayan wata guda na gan ta cikin saƙar tabarma.

Yanzu gwaji. Kowane abu biyu da za su haɗu, ka haɗa su ba gam, ka ɗaga wajen haske ka duba ko haske na ratsawa. In akwai giɓi, nemo abin da ya tokare: ragowar tsini ne, ko ɗan tudun da injin zuba roba ya bari a ciki. Kankare, sake gwadawa. Sau uku, sau biyar, ba laifi. Tela ma sai ya gwada kafin ya datse yadi.

Ciki kafin waje

Mazaunin matuƙi ake fara yi, don da zarar gangar jiki ta rufe hannu ba ya sake shiga. Shafa koren ciki a bango da kujera, allon agogo baƙi. In ya bushe, ɗebi farin fenti kaɗan a buroshi, goge shi a takarda har ya zama kamar babu komai, sannan ka shafa sama-sama a kan allon. Agogunan za su fito da kansu. Yawancin kwalaye suna zuwa da ɗan mutum-mutumin matuƙi. Wasunmu ba sa son ajiye sura a ɗaki, kuma ba dole ba ne a saka shi. Bar kujerar haka, ka yanka siraran salatif biyu, ka shafa musu ruwan ƙasa mai haske su zama bel. Jirgin da ke fake a fili dama ba kowa a cikinsa.

Duk inda gam zai taɓa, kankare fentin wurin tukuna. Gam ɗin roba ba ya cin fenti, sai dai ya dama shi ya zama kunu.

Haɗa gangar jiki da fukafukai

Saka mazaunin a ɓari ɗaya, rufe da ɗayan, riƙe su daidai, sannan ka taɓa bakin buroshin gam a layin haɗin. Siririn gam da kansa yake bin layin. Jira daƙiƙa kaɗan ka matse a hankali har ka ga ɗan narkakken roba ya kunno kai. Kada ka goge shi, kuma kada yatsanka ya kusanci wurin, in ba haka ba zanen yatsanka zai zauna a jikin jirgin har abada. Ɗaure da robar kuɗi, maƙale wutsiya da abin shanya, ka tafi harkarka sai gobe.

Fukafukai haka. Bayan ka manna su, ajiye jirgin a tebur, ka durƙusa ka dube shi ta hanci da ido ɗaya. Fiffiken hagu da na dama su yi daidai, ƙananan fukafukan wutsiya su kwanta a miƙe, tsayayyen kuma kada ya karkata. Minti goman farko ne kaɗai damar gyara.

Washegari ka kankare narkakken robar nan da bayan reza, ka bi da samfefa 400, sai 600, sai 1000, kana ɗan jiƙa ta da ruwa. Inda rami ya rage, cike shi. In ba ka da abin cikewa na musamman, ɗiga sufa gulu da tsinke, ka goge shi cikin awa guda, domin in ya kwana ya fi robar tauri, samfefa za ta cinye gefe ta bar shi tsaye. A bayan Hurricane ka sassauta hannu: wurin akwai layukan da ke nuna yadin da aka lulluɓe jirgin da shi, in ka shafe su ba sa dawowa.

Gilashin matuƙi shi ne inda na fara kuka. Na manna shi da sufa gulu, da safe na tarar ya yi fari fat kamar an hura masa garin rogo. Tururin gam ɗin ne ke yin haka, kuma ba ya gyaruwa da sauƙi. Nan ne gurbin farin gam na kafintoci: ɗan kaɗan da tsinke a gefe-gefe, in ya bushe ba a ganinsa. Kafin fenti, rufe kowane fai na gilashin da guntun salatif, ka bar sandunan firam ɗinsa a buɗe. Aikin ɓata rai ne, zai iya cin awa guda. Yi shi da hantsi, lokacin da ido yake garau.

Fenti, da rigimarsa da yanayinmu

Littattafan da aka rubuta a Turai ba su san hunturun Bauchi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura tana cikin iska ko ka rufe taga, robar kuma tana jan ta kamar maganaɗisu in ka goge ta da busasshen tsumma. Iskar ta bushe ƙwarai, fentin ruwa yakan daskare a bakin buroshi kafin ya kai jikin jirgi. Ga abin da nake yi. Ina yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in kashe fanka, in jira ƙura ta lafa. Ina shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda a faranti, in ɗora takarda mai santsi a kai, a nan nake dama fenti don kada ya bushe. Da na gama shafa sai in kife roba ko kwali mai tsabta a kan jirgin. A bazara, Maris da Afrilu, da sassafe kaɗai ake fenti. A damina kuwa fenti ya fi kwanciya, amma ka ninka lokacin jira. Kuma kada ka taɓa shanya jirgi a rana don ya yi saurin bushewa, siraran sassansa lanƙwashewa suke yi.

Soka tsinken tsire ta ramin farfela ya zama mariƙi. Fara da shafen share fage, ruwan toka mai haske. Shi ke sa fenti ya kama, shi ke tona asirin duk layin da ba ka goge da kyau ba. In ka ga aibi, koma kan samfefa, ba kunya ba ce. Hattara da fentin feshi na mota. Na taɓa karɓar wani gwangwani da mai shago ya rantse mini ba ya cin roba, na fesa, fiffike ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Ko wane fenti ne baƙo, gwada shi a guntun firam tukuna. Ruwan goge jan farce ma kada ya kusanci jirginka, narkar da shi zai yi.

Tsinka fenti har ya koma kamar madarar shanu, ba kamar kindirmo ba. Shafi na farko zai fito da dabbare-dabbare, mummuna, har ka ce ka ɓata. Kada ka koma kansa yana ɗanye. Bar shi ya bushe, ka sake na biyu ta gicciye, sannan na uku. Siraran shafi uku sun fi kauri ɗaya nesa ba kusa ba, don mai kaurin yana binne duk ƙananan layukan da ka biya kuɗi dominsu.

Daga mai haske ake farawa. A Hurricane na hamada, ciki shuɗi ne kalar sararin sama, baya kuma ruwan yashi da ruwan ƙasa mai duhu. Shafa shuɗin, ya kwana, rufe iyakarsa da salatif. Kafin ka manna salatif ɗin, liƙa shi a bayan hannunka sau biyu ƙarfinsa ya ragu, kada ya ɗago fenti. Shafe bayan duka da ruwan yashi, zana iyakokin ɓad-da-kama da fensir kana kallon takarda, sannan ka cike da mai duhun.

Ɗan ƙanwata yakan leƙo a irin wannan lokaci. "Kawu, wai har yanzu jirgin nan bai tashi ba? Sati biyu fa ke nan." Nakan ce masa, "Zauna nan, yaro, riƙe mini tsinken, amma in ka yi atishawa mun ɓata." Yanzu shi ke yi mini rufin gilashi, idonsa ya fi nawa.

Sitika

Sitikar nan ba irin ta bayan Keke Napep ba ce, fata ce siririya da ruwa ke saki. Ba ta son fuska mai kaushi: iska takan maƙale a ƙarƙashinta, gefenta ya riƙa ƙyalli kamar azurfa. Don haka shafa wa jirgin banish, wato shafe marar launi, mai sheƙi tukuna, ya kwana. Yanko sitika ɗaya, tsoma cikin ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 15, ajiye a takarda har ta fara zamewa da kanta. Kada ka fizge ta. Jiƙa wurin, kawo takardar gab da shi, tura ta da jiƙaƙƙen buroshi, daidaita, sannan ka danna da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Ɗaya bayan ɗaya, gefe guda yau, ɗayan gobe, don kada yatsa ya ɗauke wadda ka riga ka saka. In kwalin tsoho ne, gwada wata da ba ka buƙata, domin zafi yana sa su farfashe a ruwa.

Bayan sun kwana, goge shaidar ruwa, ka rufe komai da banish marar sheƙi. Jirgin yaƙi ba motar amarya ba ce.

Tsufa da ƙarasawa

Tsufa shi ne a sa jirgin ya yi kama da wanda ya sha aiki, kuma nan ne ake gane wanda ya san jirginsa. Kankare bakin fensir ko alli mai launi, ka ɗebi garin da busasshen buroshi, ka ja shi daga bututun hayaƙi zuwa baya, yadda iska za ta kai shi. Ɗan garin ruwan ƙasa a tayoyi da ƙasan fiffike. Ɗigon azurfa da tsinke a gindin fiffike inda takalmin matuƙi ke takawa, da gefen murfin inji. Amma kada ka sa azurfa a bayan gangar jikin Hurricane: wurin yadi ne a kan katako, ba ƙarfen da zai kankare a can. Kuma ka tsaya tun kana ganin bai isa ba.

Sai a ƙarshe ake saka masu karyewa: ƙafafun sauka, eriya, farfela. Ruwan farfela baƙi ne, bakinsa rawaya. Fitilar fiffiken hagu ja, ta dama kore. Bi gefen salatif ɗin gilashi da sabuwar reza, ka ɗaga shi da matsefata. Ajiye jirgin a kanta mai gilashi ko cikin roba mai haske mai murfi, nesa da taga. In ƙura ta hau, busasshen buroshi mai laushi ne maganinta, ba tsumma ba.

In hannunka ya faɗa, na biyu ka nemi MiG-17, jirgin yaƙi ƙirar Tarayyar Sobiyat, wanda shi ma Airfix suna da shi a 1:72. Rundunar Sojan Saman Najeriya, wadda aka kafa a 1964, ta karɓi irinsa a Kano a 1967 farkon yaƙin basasa. Tambarinmu ba wuya: kore, fari, kore a zagaye. In babu shi a kwali, sai ka shafa fari, ka yanka da'ira a salatif ka cike koren. Abu ɗaya kada ka manta: shi tayarsa ta uku a hanci take, ba a wutsiya kamar Hurricane ba, kuma robar baya ta fi nauyi. Kafin ka rufe gangar jiki, cusa ɗan dalma ko ƙwayoyin boris ɗin keke a gaba, bayan ramin shan iska da ƙarƙashin mazaunin matuƙi, ka kafe su da sufa gulu. Haɗa jikin da salatif, ka ɗora shi a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su zauna. In hanci ya rinjaya, nauyin ya isa. In wutsiya ta sauka, ƙara ƙwaya biyu ka sake gwadawa.